Ja da Kore a Idon Dogo

"Wallahi Yaya, ba sakaci ba ne!"

Auta ta dafe teburin yayanta, mai kamfanin manhajar da suke wa aiki ita da masoyinta Dogo.

"To mene ne? Allo ya nuna wa Dogo kuskure da ja ɓaro-ɓaro, ya tura wa mutane manhaja a lalace! Shi zan ba ƙanwata? Gobe ya tattara nasa ya nasa!"

Ta fito idanunta cike da ƙwalla. Ta tarar da Dogo ya zuba tagumi gaban baƙin allon da suke buga umarni.

"Nuna mini layin da ya faɗi gwaji."

Ya ƙura wa allon ido.

"Masoyina, nuna mini mana!"

Ya ɗora yatsa a kan koren layi, lafiyayye sumul.

"Ba na bambance ja da kore, Auta. Haka aka haife ni. Da launukan da na zaɓa wa allona nake aiki, sai Gwani ya kulle kwamfutocin ofis a kan nasa. Ya sani sarai, ajinmu ɗaya a makaranta. Kunya ce ta hana ni magana..."

Gwani! Shugaban sashensu, mai nacin sonta tana share shi. Ashe mugunta ce tsagwaronta.

"Kai da kunyarka! Matsa mini."

Ta buɗe tata kwamfutar, ta mai da launin kuskure ruwan lemo mai kauri, nasara kuma shuɗi. Tana sauyawa tana tambayarsa, har ya ce, "Tsaya! Ga shi can, ina gani!"

Ta ja shi da Gwani har gaban Yaya, ta zayyane komai, Gwani na tsaye yana zufa. Yaya ya zubo gwaji mai tsawo a allon Auta. Kafin ya gyara zama, Dogo ya tsince kurakuran tas.

Yaya ya juyo gare shi.

"Na zalunce ka, Dogo. Koma kujerarka... kuma ka turo iyayenka."

Daɗi ya kusa kashe Auta, ta rufe fuska da tafukanta.

"Kai kuma Gwani, launukan Auta za ka saka wa kowace kwamfuta a ofishin nan. Da hannunka!"

"Ka fara da ta angona," in ji Auta, "yana da aiki a gabansa."