Hannun Mai Aski

Tsirkiyar jita kawai ya je karɓowa. Mai aski ne, ya haura arba'in, rana tsaka ya ɗauko koyon tsohon kiɗan Turawan nan da ake kaɗawa da farata. Matarsa kullum tsiya take masa: "Maigida, da hannun nan fa muke ci. Ka tara masa farce kamar amarya, wa zai ba ka kansa?"

Magariba ta kawo jiki ya hau benen malamin kiɗan. Ƙofa a buɗe, ɗaki duhu. Warin katako da ƙura, sai wani ƙauri na ƙonannen gashi, wanda ba ya ɓace wa mai aski.

"Zauna," aka ce daga kusurwa, ƙasa-ƙasa. "Ɗauki jitar. Yi min wurin da ke ba ka wuya."

Bai kawo komai a ransa ba, don malam ya saba kashe fitila kada ɗalibi ya riƙa kallon yatsunsa. Ya fara: babban yatsa, sai uku su biyo da gudu a tsirkiya ɗaya. Wata da watanni yana fama, kullum na tsakiya sai ya yi tuntuɓe.

"Saurara."

Kiɗa ya taso daga kusurwar, sumul, daɗinsa har ya sa idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga ƙirgawa yadda aka koya masa. Babban yatsa, ɗaya, biyu, uku.

Huɗu. Biyar. Shida. Bakwai.

Hannu ɗaya ne fa ke kaɗawa.

Can ƙasan bene ya ji tarin malam da ƙarar makullansa. Ashe yanzu yake dawowa.

"Kawo hannun in gyara maka," aka sake cewa daga kusurwar.

Yatsu masu sanyi suka nannaɗe hannunsa na dama. Sun yi yawa.

Wallahi ko salati ya kasa. Ya fizge da ƙarfin tsiya, jitar ta faɗi tana kuka, ya gangaro bene ya bangaje malam.

An gyara kuwa. Yatsunsa sun daina tuntuɓe, sun kuma daina jiran izininsa. Ko reza yake riƙe da ita, in sun ga dama sai su tashi. Ranar da suka tsage kunnen wani dattijo ya rufe shagon.

Jiya autansa ya zo da suma buzu-buzu. "Baba, yi min aski."

Ya danne hannun da cinyarsa. "Je wurin maƙwabci."

Yaron ya fita yana kuka. Shi kuwa yana zaune, yana jin yatsun suna kaɗa kujera.