Garin Tawada a Tsohuwar Rijiya

Litinin, 15 ga Agusta, 1988, Funtua ta wayi gari da yayyafi mai sanyi wanda bai ɗauke ba sai bayan hantsi. A zauren Alhaji Bature, inda ya girke injin fotokofin da ya saya bayan ya bar aikin gurzar auduga, kowace takarda sai ta fito da baƙin layi daga sama har ƙasa.

Ya goge gilashi. Ya ce danshin damina ne, ya sa aka jera takardu kusa da murhu. Layin bai gushe ba. Da la'asar sakaliya ya buɗe cikin injin, ya zaro akwatin da ke tara ragowar garin tawada, ya iske shi maƙil. Ya miƙa wa 'yarsa Rabi'atu, wadda ta zo hutu daga kwalejin horon malamai, ya ce ta juye a tsohuwar rijiyar bayan gida.

"Alhaji, magariba ta kawo kai," in ji matarsa, Hajiya Lauratu. "A bari sai da safe."

"Mutane na tsaye da takardunsu. Ke, yi sauri."

Ta tafi a guje, ta juye, ko bismillah ba ta tuna ba.

Washegari layin ya ɓace, amma a ƙarƙashin rubutu sai ga tabo biyu, dishi-dishi, kamar idanun yaro. Mai gyara ya zo daga Zariya, ya ce inuwar takardar baya ce ke maƙalewa a gangar injin. Ya sauya gangar, ya sa farar takarda wadda ba komai a kanta. Tabon ya fito. Mutumin ya tattara kayansa, bai ko sha ruwan da aka kawo masa ba.

Daga nan, da zarar rana ta faɗi sai duwatsu su fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Rabi'atu ta daina fitowa haske. Idanunta suka kumbura, hawayenta na barin baƙi a matashi.

Lauratu ce ta aika garin Dandume aka ɗauko Malam Maharazu. Ya iso gab da magariba, ya zauna a gefen tabarmar yarinyar, ya yi ta karatu har gidan ya yi tsit. Can bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Maƙwabciyarku. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba muke rijiyar. Jikana na kallon sama aka watsa masa baƙin gari a ido."

"Yarinya ba ta sani ba. Aikenta aka yi."

"Na san wanda ya aike ta. A fitar da abin nan mai walƙiya daga gidan yau, in bar mata idanunta."

Kowa ya dubi Alhaji. Ya sunkuyar da kai, ya murza hularsa, sannan ya ce a hankali, "Malam, roƙe ta ko za ta bari zuwa Juma'a. Na karɓi aikin takardun jarrabawa."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Ka ji uba. Tunda ya raba maganar biyu, ni ma zan raba."

Malam ya daka wa Alhaji tsawa, aka kinkimi injin aka yi waje da shi nan take. Ya koma ga karatu, ya matsa wa tsohuwar har ta rantse ba za ta dawo ba. Rabi'atu ta yi atishawa, jikinta ya saki. Da ta farka ta ga uwarta da idon dama. Na hagu bai ƙara ganin komai ba.

Injin ya koma wani shago a bakin kasuwa, yana fitar da takarda fes. Duk wanda ya tambaya, Alhaji kan ce ciwon ido ne ya kama yarinyar, kuma da sauƙi.

Lauratu ba ta yi masa musu ba. Ta rubuta wa yayanta Rabe a Gozaki cewa ya zo da mota ya ɗauke su ita da 'yarta, ta naɗe wasiƙar ta ajiye a ƙasan akwati. Wasiƙar ta daɗe a can. Safiyar da ta jiyo Alhaji a ƙofar gida yana gaya wa wani cewa injin bai taɓa yin aiki mai kyau kamar yanzu ba, ta ɗauki mayafinta da wasiƙar, ta taka har gidan waya, ta manna kan sarki, ta jefa.