Huji Uku a Ƙasan Motar Eulogio

Ƙarfe takwas da rabi na safe aka buga waya caji ofis ɗin Cojímar, wani gari a bakin teku, cewa mota ta danne wani dattijo a garejinsa.

Sufeto Ramiro Ulacia ya isa tare da Saja Belkis. Maƙwabta sun riga sun ɗaga motar da katako, sun jawo gawar gefe. Eulogio Pedroso ne, fanel-bitan da ya yi shekara arba'in yana yanke tsatsa daga ƙasan tsofaffin motocin unguwar. Motar Chevrolet ce ta 1952, koriya, gadon mahaifinsa.

Sufeto ya tsuguna. Ƙirjin mamacin cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, injin huda ƙarfe na yashe kusa da hannunsa. Jak ɗin da aka ɗaga motar da shi ya faɗi gefe.

Ya leƙa cikin motar. An yanke ruɓaɓɓen daɓen ƙarfenta gaba ɗaya, an sa sabo daga ƙofofin tsofaffin firij, har farin fentin bai gama fita ba. Waldar ta tafi santal. A tsakiya akwai huji uku sababbi, bakinsu na ƙyalli.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar ya matso, idanunsa jajir. "Ni da Baba. Ni ne ɗansa, Lisandro."

"Ina kake da abin ya faru?"

"Ina layin burodi, yallaɓai. Ƙarfe bakwai na fita. Da na dawo na tarar da mutane."

"Ina burodin?"

Lisandro ya kalli hannayensa. "Na yar a hanya, da na ji ihu."

Tsohuwar da ke zaune a bakin ƙofa ta ɗago. Obdulia ce, matar mamacin. "Gaskiya ya faɗa, ɗana. Ni na aike shi. Jak ɗin nan ya tsufa, na sha gaya wa Eulogio."

Sufeto ya rubuta.

A tsallaken titi wata mata mai suna Tomasa ke sayar da kofi ta taga. Ta zuba wa Sufeto ba tare da ya tambaya ba.

"Sha, ka rame. Matarka ba ta dafa wake ne?"

"Tomasa, ina aiki. Me kika ji da safen nan?"

"Ƙarar injin huda na ji. Sai ya tsaya, sai hayaniya, sai wani dum da ya girgiza min kofuna."

"Hayaniyar wa?"

"Ka ga, ni ba na sa ido a gidan mutane." Ta goge tebur da ya riga ya bushe. "Amma wata biyu ke nan uban da ɗan ba sa cin abinci tare. Kuma Eulogio bai sake taɓa motar nan ba tun da aka sa mata sabon daɓe. Nan yake zama yana kallon ƙofar garejinsa kamar baƙo."

"Lisandro ya je layin burodi?"

Tomasa ta yi guntuwar dariya. "Wane burodi? An ɗauke wuta a gidan burodin tun jiya. Sai ƙarfe goma suka ce."

Da ya koma gareji ya tarar da Saja Belkis kwance rigingine a ƙarƙashin motar. Ta fito tana karkaɗe riga.

"Yallaɓai, kawuna direban irin wannan motar ne, a cikinta na girma. Duk fanel-bitan da ya sa sabon daɓe a garin nan sai ya bar masa mafitar ruwa a kusurwa huɗu. In ba haka ba ruwan sama ya kwanta, gishirin teku ya cinye ƙarfen cikin shekara biyu. Wannan babu ko ɗaya."

"Ga huji uku."

"Ba wurinsu ba ne, a tsakiya suke, kuma daga ƙasa aka huda da gaggawa. Duba nan kuma." Ta nuna gefen ƙofa. "An liƙe ƙofofin baya da walda, an shafe kowace gaɓa da kwalta. Mutum ya liƙe ƙofar tasi, ta ina fasinja zai shiga?"

Sufeto ya zagaya bayan garejin. Ya yaye wani tamfol. Gangunan mai ne guda shida, babu komai a cikinsu, an toshe bakinsu. A gefe akwai farfelar jirgin ruwa a naɗe cikin buhu.

Ya mayar da tamfol ɗin.

Obdulia na ɗakin girki, ta ɗora tukunya ba ta kunna wuta ba. A bango akwai hoton wani saurayi, da kyandir a ƙasansa.

"Mama, wane ne wannan?"

"Abelardo, babban ɗana."

"Yana ina?"

"Ya shiga teku a kan tayoyin tarakta da katako don ya tsallaka ƙetare, shekara ashirin da suka wuce. Eulogio ne ya ɗaure masa katakon da hannunsa." Ta gyara murfin tukunyar. "Ba mu ga ko takalminsa ba."

"Mama, gidan burodi bai buɗe ba yau."

Ta saki murfin tukunyar. Hawaye ya gangaro mata har haɓa, ba ta share ba.

"Ki bar shi, Mama." Lisandro ne a bakin ƙofa. "Ki bar shi haka."

Sufeto ya ja masa kujera. Ya zauna.

"Motar nan ba don titi ka gyara ta ba," in ji Sufeto.

"A'a. Teku na so in ƙetare da ita. Matata da 'yata suna can ƙetare shekara huɗu. Yarinyar ta fara ce min 'wannan mutumin' a waya. Da farko Baba ya zaci tasi zan yi. Shi ya yanke tsatsar, shi ya buga ƙarfen a kan kututture har ya fito da layuka. Ranar da ya ga ban bar mafitar ruwa ba, ya kalle ni, ya ajiye guduma. Bai sake yi min magana ba."

"Yau fa?"

"Ina bayan gida na ji injin. Na shigo na ga ƙafafunsa a ƙarƙashin mota. Aikin wata biyu yake hudawa. Na ce ya fito. Ya ce, 'Ka liƙe na huda, ka liƙe na huda, har in mutu.' Na kama ƙafarsa, ya riƙe ƙarfe ya ƙi saki. Ya fara na huɗu."

Saja Belkis ta daina rubutu.

"Sai na doki jak ɗin da ƙafa. Tsoro na so in ba shi, yallaɓai. Kullum yana sa katako a ƙarƙashi, shi ya koya min kada in taɓa shiga ba katako. Yau bai sa ba, sauri yake kada in kama shi."

"Ya yi magana?"

"Ya kira sunan yayana. Sau biyu."

Sufeto ya rufe littafinsa. Saja ta ciro ankwa, ya girgiza mata kai, ta mayar aljihu.

Mutane sun cika titi. Suka dare, Lisandro ya wuce tsakaninsu kansa a ƙasa. Tomasa ta rufe tagarta.

Obdulia ta biyo su har motar 'yan sanda, ta riƙe hannun rigar Sufeto.

"Ina za ku kai shi?"

"Caji ofis tukuna, Mama. Daga nan kotu."

"Ana barin uwa ta je gani?"

"Ana bari."

Ta saki rigar. Ta sunkuya ta kalli ɗanta ta gilashi, shi kuwa ya kasa ɗagowa.

"To," ta ce. "Wannan dai na san inda zan kai masa abinci."