Ƙullin Ƙarƙashin Gadon Kubura

Inna Iyatu ba ta iya zama a gidan mutum ba tare da hannunta ya taɓa wani abu ba. Ranar da ta zo Jega daga Maiyama duba 'yarta Kubura, ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta ce ɗakin yana warin ƙura, ta ɗauki tsintsiya. Kubura tana madafa tana fama da ɗanyen itace, ta ɗaga murya ta ce ta huta mana, amma ina! Inna ta durƙusa ta zura tsintsiya ƙarƙashin gado, sai ga wani tsohon kwano mai murfi ya biyo shara.

Abubuwa biyu ne a ciki, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. An tsoma su a narkakken kyandir, an naɗe su da baƙin ƙyalle, ga wasu siraran wayoyi sun leƙo ta gefe. Ta ɗaga ɗaya tana dubawa, sai fil ɗin da ta maƙale gyalenta da shi ya yi tsalle ya manne masa. Nan Inna ta saki salati, ta zauna a bakin gado.

Dole a yi wa Inna adalci, ko da yake ba ta cika yi wa kowa ba. Shekaru sun tura da auren Kubura da Surajo, ko ɓatan wata ba a taɓa yi ba. Babu rubutun da Inna ba ta karɓo ba, babu saiwar da ba ta jiƙa ba, har Kubura ta kai in ta hango ta da ƙullin leda sai ta fara neman wurin ɓuya. Kowa ya gaji. Uwar ta gaji da nema, 'yar ta gaji da sha, shi kuma Surajo ya gaji da sunkuyar da kai a gidan suna. Mace a wannan hali ta tsinci baƙin ƙulli mai jan ƙarfe a ƙarƙashin gadon 'yarta, me ake so ta ce?

Gaskiyar maganar kuwa ba ta kai haka ba. Surajo mai gyaran rediyo da fanka ne a kasuwar Jega, har sifikun masallatai ake kawo masa. Wata rana ya ga bidiyon wani mutum a waya yana haɗa jita mai amfani da lantarki tun daga katako, abin ya shige masa rai. Ya samo katakon maɗaci ya fara sassaƙa a ɗakin ajiyarsu. Wuyan jitar na farko ya lanƙwashe don katakon bai bushe ba, na biyu ya tsage wurin huda, bai dai haƙura ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ɗan abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai wa sifika, wanda Kubura ta raɗa wa suna kunnen jita. Mayen ƙarfe ne ake naɗe shi da wayar tagulla mai sirantakar gashi, a yi ta naɗi ba iyaka, in ta tsinke a koma farko. Hannun Surajo ya yi nauyi, sai Kubura ta ce ya kawo, ta ɗaura abin a wurin naɗa zare na keken ɗinkinta. Bayan la'asar tana taka keke a hankali, shi yana riƙe da wayar tsakanin yatsunsa, in ta tsinke su kalli juna su yi dariya. A duk yinin Allah wannan ne kaɗai lokacin da babu mai zancen haihuwa, shi ya sa take son aikin. Kunnuwa biyun da suka gama su ne aka tsoma a kyandir don kada wayar ta warware, aka adana a kwanon nan.

Sai dai Surajo ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Mahaifinta, Malam Dalhatu, manomin albasa ne da ake jin maganarsa a Maiyama, kuma a danginsu ba a ba makaɗi mata, balle maroƙi. Surajo yana tsoron ranar da za a ce surukin Malam Dalhatu ya koma kiɗa.

Kubura ta shigo tana goge hawayen hayaƙi, ta ga kwanon a cinyar uwarta.

“Mi na na wanga?” in ji Inna.

“Inna, kayan aikinai na. Ki aje, don Allah.”

“Kayan aiki a ƙarƙashin gadon da kike kwana? Wane aiki? Hwaɗa mini!”

Kubura ta buɗe baki ta tuna alkawari, ta rufe. Wannan shirun shi ya gama komai. Inna ta ce ai ga shi nan, an ɗaure mata mahaifa an haɗa da baki. Ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda yaron nan bai taɓa tada hankalinsa a kan rashin haihuwa ba, ashe ya san abin da ya binne. Kafin Surajo ya dawo daga kasuwa ta sa Kubura a gaba sun hau mota, ta bar wa maƙwabciyarsu Dije saƙo cewa in yana neman matarsa ya san hanyar Maiyama.

Washegari mata suka taru a tsakar gidan Malam Dalhatu aka kwance ƙulli ɗaya. Da aka ɓare ƙyallen aka kankare kyandir, sai ga jar waya tana sheƙi. Wata tsohuwa ta rantse gashin aljana ne, ta ja da baya tana tofa addu'a a ƙirjinta. Suka yi ta warwara suna neman takardar da aka rubuta sunan Kubura, tun hantsi har inuwa ta juya, ba su sami komai ba sai guntun ƙarfe. Maimakon hankalinsu ya kwanta, sai suka ce lallai bokan gwani ne, tunda ko rubutu bai bari a gani ba. Kubura tana zaune a bakin ƙofa tana kallon aikin da ta yi makonni tana yi ya zama tarin ƙaiƙayi a kan tabarma. Ta yi kuka, suka ce asirin ne ke fita.

Da yamma ta kira Surajo ta roƙe shi ya sake ta daga alkawarin. Ya ce ta ƙara haƙuri, zai turo kawunsa. Kawun ya zo da goro, ya koma da goronsa, don da aka tambaye shi mene ne a cikin kwano shi ma bai sani ba. Ta sake kira, ya ce yana tunanin yadda zai ɓullo wa abin. Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Ana ba ta jiƙe-jiƙen karya sihiri tana sha, ana yi mata hayaƙi tana tari, duk wadda ta shigo gidan sai ta leƙa ta ga mallakakkiya. Ta rame, ta daina gardama, in an yi magana sai ta ce to. A ƙarshe Malam Dalhatu, wanda bai ce uffan ba tun farkon rikicin, ya aika Jega cewa in Juma'a ta wuce Surajo bai zo ya yi bayani da bakinsa ba, to ya aiko da takardar 'yarsa.

Ranar Kubura ta kira shi, ba kuka ba faɗa.

“Yaya, na gaji,” ta ce. “Ba da kai na gaji ba. Na gaji da riƙon kayan da ba nawa ba. Ba ni hwaɗi, tunda na yi maka alkawari. Amma in kunyar a ce maka makaɗi ta fi maka ni, to ka rubuto, sai in san matsayina.”

Ta kashe wayar kafin ya ce sori ɗin da ya saba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga Surajo a kan babur, ya ɗauro wani dogon abu a buhun albasa, da 'yar sifika mai batir. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure ya gaida surukinsa. Malam Dalhatu ya amsa a taƙaice, ya sa aka kira Kubura ta zauna daga gefe. Inna kuwa tana bayan ƙofa, wai ita kunyar suruki, alhali ko numfashinsa ba ya wuce ta.

Surajo ya zare jitar daga buhu. Ba kyakkyawa ba ce, fentin ya yi gudaji, ga rami a cikinta ba komai. Ya roƙi a ba shi ƙullin da ya rage. Malam ya ciro shi daga gwangwanin da aka rufe shi, ya miƙa masa da hannunsa, ba tsoro. Surajo ya zaunar da shi a ramin, ya murɗe wayoyin, ya ɗaure tsirkiyoyi, ya jona sifika. Da farko gurnani kawai ta yi, har aka ji Inna ta ce a'uzubillahi. Sannan ya taɓa tsirkiya ɗaya, sauti ya cika zauren. Ya yi bayani tiryan-tiryan, tun daga bidiyon har keken ɗinki, har alkawarin da ya ɗora wa matarsa.

Malam ya ce ya kaɗa ya ji. Surajo ya kaɗa. Allah ya sani, ya iya gyaran fanka, amma kiɗa sai a hankali. Abin da ya fito ya fi kama da kukan ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.

“Ya isa,” in ji Malam. “Kwantar da hankalinka, ba mai ce maka makaɗi. Da wanga kiɗa ko goro ba ka samu.”

Surajo ya fara murmushi, ya zaci an gama. Amma fuskar tsohon ba ta saki ba.

“Na ga katako, na ga waya, ba su ad damuwata ba. Tun randa anka kawo wanga abu na san ƙarhe na, na yi shiru in ga iyakar ka. Ɗiyata ta zamna gidan ga ana ce mata mallakakka, ana ɗura mata ɗaci, amsa tana bakinta ta riƙe saboda kai. Kai kana Jega kana tsaron sunanka. Ita wa ya tsare mata nata?”

Surajo ya ajiye jitar. Ya juya ya kalli Kubura, a ranar ya ga yadda wuyanta ya zurma, idonta ya faɗa. Hawaye suka zubo masa a gaban surukinsa, abin da ya fi kiɗan kunya, bai kuma damu ba. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe, amma daga yau ba ta ƙara ɗaukar masa sirrin da zai bar ta ita kaɗai a rana.

Can sai ga faifai an turo daga bayan ƙofa. Jar wayar nan ce da aka warware, Inna ta tattara ta naɗe a jikin kara kamar zaren saƙa. Ba ta fito ba, ta dai yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce a tambayi yaron nan ko tana gyaruwa. Surajo ya duba, ya ga ta tsintsinke ta ko'ina. Kubura ce ta karɓa.

“Ba ta gyaruwa, Inna. Amma na iya, sai mu sake naɗa wata.”

Inna ta fashe da kuka, ta ce ita ba mugunta ta kai ta ba, jika take so ta goya kafin bayanta ya ƙi. Kubura ta tashi ta shiga wurinta, suka daɗe a ciki.

Da la'asar sakaliya suka kama hanyar Jega, Kubura a bayan babur ta rungume buhun albasa. Tun daga ranar jitar ta bar ɗakin ajiya, tana rataye a bango inda duk wanda ya shigo zai gani. An yi ta tsokanar Surajo a kasuwa na ɗan lokaci, aka gaji aka bari, har wani malamin makaranta daga Aliero ya kawo masa tasa gyara. Zancen haihuwa kuma ya daina zama nauyin Kubura ita kaɗai, shi da kansa yake ɗaukar ta su je asibiti a duba su tare, suna jiran lokacin da Allah ya tsaga. Inna in ta zo yanzu daddawa take ƙullowa, ba saiwa ba.

Haƙurin Kubura bai tafi a banza ba, ya dawo mata da gidanta da mutuncinta, ya kuma ba ta mijin da ya san darajarta. Iyaye su riƙa tambaya kafin su yanke hukunci, don ba kowane baƙin ƙulli ne asiri ba. Maza kuma su sani, abin da ka ɓoye don gudun kunya ba ɓacewa yake yi ba, wani ne yake ɗaukar maka shi, kuma sau da yawa wanda ya fi son ka ne.