Guɗar Nirmin a Gidan Wasa

"Wallahi da idona na gan shi! Ya zare zoben baikonku ya jefa aljihu, ya shige gidan wasa ta ƙofar baya."

Shirin ce ta faɗa, 'yar baffan Nirmin, wadda tun ranar baikon take yaƙe kamar mai ciwon haƙori.

Maganar ta zauna wa Nirmin a rai. Duk Juma'a da la'asar sai Hazim, saurayin nata, ya ɓace, wai aiki. Wane aiki ranar Juma'a, ranar hutu a birnin Iskandariyya? Ga kuma hodar da ta gani a wuyan rigarsa...

Shi ya sa yau take zaune a tsohon gidan wasan birnin, tana bin layukan jajayen kujeru da ido, tana neman wadda ya kawo. Shirin kuwa har Baba, mahaifin Nirmin, ta jawo, wai a zo a sha kiɗa.

Aka buga sanda sau uku alamar farawa, labule ya buɗe.

Sai ga Hazim a tsakiyar dandamali, cikin kayan masunta, fuska duk hoda, yana rera waƙa!

Ashe babu wata mace. Daɗi ya kama ta har da ƙwalla, sai ta waiga ta ga fuskar Baba, mutumin da ya tsani 'yan wasa.

"Wannan ne injiniyan namu?" in ji Baba. "Tashi mu tafi. An fasa auren."

"Baba, don Allah..."

"Maƙaryaci ne, 'yar uwa," Shirin ta raɗa mata.

"Kin san abin da yake yi tun farko, ko? Shi ya sa kika kawo Baba."

Shirin ta kau da kai.

Nirmin ta miƙe, Baba ya ɗauka bin sa za ta yi. Ina! Hannu ta kai baki ta rangaɗa guɗa irin ta ranar aure.

Hazim ya tsaya cak da waƙar.

"Amaryarsa ce!" wata tsohuwa ta yi ihu. "Allah ya sanya alheri, Alhaji!"

Nan take mata suka amsa guɗar, maza gaba da baya suna miƙo wa Baba hannu. Da wane baki zai ce musu an fasa?

Ya koma ya zauna yana huci.

"Zauna, marar kunya! Muryar dai ba laifi... amma ƙaryar nan sai ya zo gida ya yi min bayani."

Ta share hawaye, idonta na kan Hazim.

"Ni zai fara yi wa, Baba."