Alhajin Bayan Mota

Ranar da Alhaji Inuwa ya dawo daga Makka, Ikara ba ta yi aikin gona ba, duk da damina ta sauka. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, kuma shi ne mutum na farko a unguwarsu da ya je hajji ta sama ya dawo kafin a manta da kamanninsa. 'Yan uwa suka ɗauki shatar motar Lado direba, aka cika ta da 'yan tarye, aka je filin jirgi na Kano aka ɗauko shi. Da la'asar suka shigo gari da guɗa.

Washegari da hantsi, Sufeto Jumare na 'yan sandan En'e yana zaune a caji ofis yana cin dabinon da aka aiko masa na tsaraba, sai ga Alhajin da kansa ya shigo, fuska ba walwala. Wata tsohuwa na biye da shi tana dogara sanda.

Aka gaisa, aka yi barka da sauka, aka tambayi hanya da gajiya. Sannan Alhaji ya ce, "Sufeto, an yi mini sata. Ga mai kayan nan, gwaggona ce, Sabuwa."

"Me aka ɗauka?"

"Likkafanina," in ji tsohuwar. Ta zauna kan benci ba tare da an ce ta zauna ba. "Ni na kaɗa zarensa da hannuna, shekara uku ina yi. Na kai aka saƙa. Tun da ƙafata ba za ta taka Makka ba, na ba yaron nan ya wanko mini shi da ruwan zamzam."

"Na wanke, na shanya, na ɗinke shi cikin buhu," in ji Alhaji. "Da hannuna na ɗaure shi kan akwatina a bayan mota. Yau da aka zo rabon tsaraba sai igiya kawai muka gani."

Sufeto ya ajiye dabinon. Mutum ne mai son raha, amma ya ga idon tsohuwar ya kawo ruwa, abin ya taɓa shi. Wannan ba kayan da za a je kanti a sayo wani ba ne.

"Iya, ki koma gida. Zan nemo."

"Ka yi sauri dai, ɗan nan. Ba ni da wata shekara ukun."

Ya fara da direba. Ya sami Lado a tasha yana wanke motarsa, yana waƙa.

"Sau nawa ka tsaya daga filin jirgi zuwa nan?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe. Kai tsaye."

"Ka ɗauki wani wanda ba ɗan tarye ba?"

"Haba! Shata ce fa."

Sufeto ya zagaya motar a hankali, ya dawo ya tsaya. "Da wane kaya Alhaji ya sauko daga jirgi?"

"Wata tsohuwar taguwa ce duk ta yamutse."

"Ni kuwa jiya da idona na gan shi ya shigo gari cikin farar jallabiya da makawiya, ko datti babu. A kan cinyarka ya sauya?"

Lado ya daina goge gilashi. Kowa ya sani alhaji ba ya shiga garinsu da kayan hanya, sai an tsaya a wani wuri kusa ya yi wanka ya sa na Makka, a gan shi yadda ya kamata.

"To, mun ɗan tsaya a Makarfi," in ji shi. "Alhaji ya shiga gidan wani amininsa ya shirya. Jama'a duk suka sauka shan fura."

"Sai kuma wa ka ɗauka?"

Lado ya sosa ƙeya. "Akwai wani alhaji. A bakin filin jirgi ya tare ni da 'yar jakarsa da buta, ya ce 'yan taryensa ba su zo ba. Ranka ya daɗe, mutum ya fito daga ɗakin Allah ya ce ka rage masa hanya, za ka ce a'a? Ya ba ni dabino uku, ya shafa mini kai. Na sa shi a baya. Tsoron kada a ce na yi lodi cikin shata ya sa na ɓoye."

"Sunansa?"

"Alhaji Tukur. A Makarfin ya rabu da mu."

Daga nan Sufeto ya wuce wajen Zulai, ƙanwar Alhaji Inuwa, wadda ta jagoranci mata masu guɗa. Muryarta ta dushe don aikin jiya, amma da ta ji an ambaci baƙon sai fuskarta ta washe.

"Wayyo, bawan Allah! Tun daga Kano yake ba mu labarin Makka, ba mu san mun zo Makarfi ba. Kada ma ka sa shi cikin zancen nan, Sufeto, zunubi ne."

"A ina ya zauna?"

"Kan akwatin Yaya muka ɗora shi, don girmamawa. Da muka sauka shan fura ma shi ya ce mu je, zai tsare mana kaya."

"Wane labari ya ba ku?"

"Na jirgi mana. Ya ce da suka kai tsakiyar sama zafi ya dame shi, ya buɗe taga ya tofar da tukar goro, ya miƙa hannu ya shafo gajimare. Ya ce sanyi gare shi, ga laushi kamar auduga."

Gaskiyar magana, Sufeto Jumare bai taɓa shiga jirgin sama ba, ko kusa da shi bai taɓa tsayawa ba. Labarin ya burge shi ƙwarai. Har ya fita yana tunanin in Allah ya kai shi, shi ma gefen taga zai nema.

Ya koma gidan Alhaji Inuwa don ya tambaye shi ko ya san mutumin. Zaure cike da masu zuwa barka, ana ta zagaya ɗan kofin zamzam kowa na kurɓa.

"Ban gan shi ba sam, ni ina gaba kusa da direba," in ji Alhaji. "Mu da yawa ne a jirgin, ba kowa na riƙe ba."

"Wataƙila ka tuna shi. Shi ne wanda ya buɗe taga ya taɓa gajimare."

Alhaji ya dube shi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda tun safe bai yi ba, har makawiyarsa ta karkace.

"Taga? Sufeto, tagar jirgi a liƙe take, ko allura ba ta shiga! Ni da na nemi wurin tofar da yawu sai wata 'yar takarda aka miƙo mini. Wanda ya faɗi haka bai taɓa hawa ko matakalar jirgi ba."

Sufeto ya gyara hularsa, ya yi kamar dama gwada shi yake yi. "Haka na zata. Tashi ka hau bayan babur, za mu Makarfi."

A tashar Makarfi suka sami Hajo mai fura, wadda ba abin da ke wucewa ta gabanta bai shiga kanta ba. Da ta ga sabon alhaji sai da ta miƙa hannu ta shafi jallabiyarsa ta shafa a fuska, sannan ta saurari Sufeto.

"Mai buta da 'yar jaka, baƙi siriri? Ai na san shi. Wannan alhajin Allah ya yi masa baiwa. Sau uku ke nan yana dawowa daga Makka cikin watan nan."

"Sau uku?"

"Ranar farko motar mutanen Gubuchi ta sauke shi, ta biyu ta Saulawa, jiya ta Ikara. Kullum da sabon ƙunshi a hammata. Ni dai mai fura ce, ba a tambaye ni ba."

"Ina ya nufa?"

"Kudan. Yau kasuwa ke ci. Da safen nan ma ya ari almakashin telan can, wai yana da yadin da ya shafi ɗakin Ka'aba, zai yayyanka wa masu neman tabarraki."

Alhaji Inuwa ya yi salati da ƙarfi. Sufeto ya buga babur. Hanyar Kudan ta sha ruwa, duk taɓo ce, amma bai rage gudu ba, Alhaji na bayansa riƙe da makawiya da hannu ɗaya yana karanto duk addu'ar da ya koyo.

Ba su sha wahalar nemansa ba. A gindin wata tsamiya a gefen kasuwa jama'a sun yi da'ira. Yana tsakiya kan buzu, ga 'yan kwalabe jere a gabansa, ya yafa wani farin saƙi mai kauri tun daga ka har gadon baya, ragowar ya tara a cinya. Almakashi na hannunsa, ya riga ya buɗe shi a gefen yadin.

"Salamu alaikum, Alhaji," in ji Sufeto. "Dakata da yankan tukuna. Barka da sauka."

Tukur ya ga kaki, ya ga jallabiyar da ke bayan kakin, amma bai daburce ba. "Barka kadai, samari. Ku ma tabarrakin kuke so?"

"Yaushe ka sauka?"

"Jiya-jiyan nan."

"Ina takardar allurarka ta tafiya? Ina fasfo?"

"Suna wajen wakilin alhazai a Kano."

"A jirgi ina ka zauna?"

"Gefen taga," in ji shi, ya juya ga jama'a don su ji. "Ni na riƙa buɗe wa mutane suna shan iska."

Alhaji Inuwa ya kasa daurewa, ya sake tuntsirewa da dariya. Sufeto ya bar shi ya gama.

"Wannan yadin fa, daga ina?"

"A Makka na saya, wajen wani Balarabe."

Sufeto ya kama gefen yadin ya ɗaga wa jama'a. "Ku duba mini. Wane Balarabe ne ke saƙar ƙwarya-ƙwarya, sirara-sirara a harhaɗe, irin ta masaƙanmu?"

Wani tsoho ya matso ya murza. "Wannan zaren mazari ne. Saƙar gida ce."

Guna-guni ya tashi. Tukur ya fara cewa ai da shi ya tafi daga gida, sai Sufeto ya tare shi, murya a sanyaye.

"Ka san ko mene ne ka lulluɓa da shi? Likkafani ne. Na wata tsohuwa a Ikara. Tun jiya kana cikin likkafani, Malam, ko wanka ba a yi maka ba."

Almakashin ya faɗi ƙasa. Tukur ya yi wata ƙara, ya zabura yana kiciniyar warware yadin daga jikinsa kamar wanda rina ta shiga wa riga. Alhaji Inuwa ya yi wuf ya cafe kafin ya taɓa ƙasa. Kasuwa ta kaure da dariya, har masu awo suka bar mudu suka zo kallo.

"Wallahi ban sani ba!" in ji Tukur. "Na ga an ɗinke shi da kyau, na zaci alharini ne. A yi mini addu'a, jama'a, kada abin ya bi ni!"

"Ka je Makka?"

"Ban taɓa wuce Kano ba. Dako nake yi a bakin filin jirgi. Na ga duk wanda ya sa makawiya ana ɗaukarsa kyauta, a ba shi abinci, a bar shi da kaya. Sai na sayi tawa."

"Ruwan kwalaben nan fa?"

"Na rijiyar tasha ne."

"Kayan mutanen Gubuchi da Saulawa?"

"Suna ɗakin da nake kwana. Zan nuna."

Sufeto ya cire masa makawiyar, ya sa masa ankwa, ya damƙa shi ga ɗan sandan kasuwa. Aka tasa shi gaba, mata na yi masa guɗar da bai nema ba.

Rana ta yi sanyi suka iso Ikara. Gwaggo Sabuwa na zaune a tsakar gida kan tabarma. Ba ta yi godiya ba tukuna. Ta karɓi yadin ta warware, ta bi shi kamu-kamu da hannunta tun daga wannan baki har wancan, tana duba kowane gefe. Da ta kai ƙarshe sai ta tusa fuskarta a ciki, ta daɗe a haka.

Ta ɗago tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Cif yake. Ko zare ɗaya bai ɓata ba. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan, ya kai ka inda yadin nan ya je."

"Amin, Iya. Hankali ya kwanta?"

"Ya kwanta. Kayan tafiyata sun haɗu." Ta ninke shi a hankali, ta danna shi ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kai daram. "Amma fa ba na sauri. Zulai, zubo mini tuwo, ki sa man shanu da yawa."