Ƙaramin Maɗacin Kaka Sabuwa

Akwai wani yaro ɗan aji biyar a Zariya. Yana da ƙoƙari a makaranta, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya bari a gama gaya masa magana. Da ka buɗe baki, sai ya ce, "Ai na sani."

Da aka yi dogon hutu, babansa ya kai shi wurin kakarsa a wani ƙauye kusa da Gubuchi. Sunanta Sabuwa, amma kowa Kaka yake ce mata. Ita kuwa "Maigida" take kiran jikan nata, irin wasan kaka da jika.

Kaka ta san itatuwan magani. Idan yaro ya yi zazzaɓi ko ciwon ciki, wurinta mata suke fara zuwa. Wanda ta ga ya fi ƙarfinta, sai ta ce a yi maza a kai shi asibiti.

Wata safiya bayan an sha koko, ta ɗauko kwando da 'yar wuƙa.

"Maigida, tashi ka raka ni kurmi. Sassaƙen maɗacina ya ƙare. Ko maigidan nawa rago ne?"

"Ni ne rago? Kaka, ke ce dai za ki gaji a hanya."

Ya rataya jakarsa, suka kama hanya. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Masara ta fi yaron tsayi. Can a fadama rake ya yi kore shar, iska tana kaɗa shi. Duk gonar da suka wuce sai Kaka ta tsaya.

"Sannunku da aiki!"

"Yawwa, sannu Kaka. Ina kwana? Ina gajiya? Baƙo aka yi?"

"Maigidana ne daga birni. Na fito da shi ya ga duniya."

Kurmin ba shi da girma. In ka yi kira daga wannan gefe, na wancan gefen zai ji ka. Amma da suka shiga, sai yaron ya tsaya yana kalle-kalle. Wurin akwai sanyi. Ga ɗorawa, ga kanya, ga tsamiya, rassansu sun haɗe a sama. Kurciya tana kuka, wani ɗan rafi yana gudu a hankali. Kurege ya leƙo su, ya ɗaga bindi ya tsere.

Kaka ta tsaya a gaban wani ƙaton itace. Jikinsa duk tabo ne.

"Wannan shi ne maɗaci," in ji ta. "Tun ina amarya nake ɗibar ɓawonsa."

Ta yi bisimilla, ta fara sassaƙa. Ɓawon yana da tauri, hannunta kuma yana rawa. Ta daɗe kafin ta ciro ɗan guntu, bai fi tafin hannu ba. Sai ta ɗebo laka ta shafe wurin da ta yanka.

Yaron ya taɓe baki. "Kaka, duk wahalar nan a kan wannan ɗan abin?"

"Ya isa. Zo ka ga wani abu."

Ta kai shi gaba kaɗan. Akwai wani ƙaramin itace da aka kewaye da ƙaya. Kaurinsa bai wuce cinyar yaron ba. Kaka ta dube shi yadda uwa take duban ɗanta.

"Shekara shida ke nan da na dasa shi. Guda bakwai na dasa. Awaki suka cinye huɗu, fari ya kashe biyu. Shi kaɗai ya rage. Tsohon maɗacin can ya kusa gajiya, kuma duk ƙauyukan nan babu wani maɗaci. In ya faɗi, wannan ne zai gaje shi."

Ta juyo. "To, bari in gaya maka yadda ake sassaƙe. Abu na farko..."

"Ai na gani, Kaka. Na sani."

Kaka ta yi dariya. "Maigida sarkin sani! To, zauna ka tsare mini kwandon nan. Zan gangara rafi in tsinko ganye."

Ta tafi. Yaron ya zauna, ya dubi ɗan guntun ɓawon da ke cikin kwando. Ya tuna yadda hannun Kaka yake rawa, sai ta ba shi tausayi. Ya ce a ransa, "Ga mai laushi a kusa, me zai sa ta yi ta fama da tsoho?"

Ya ɗauki wuƙar. Ya ja reshen ƙaya ɗaya gefe, ya shiga. Ya tsaga ɓawon ƙaramin maɗacin, ya sa yatsa ya ja. Ɓawon ya saluɓe kamar na rogo. Abin ya yi masa daɗi. Ya ƙara yanka, ya ƙara ja, yana bin jikin itacen yana zagayawa. Sai da ƙaya ta soke shi a hannu ya bari.

Ya cusa ɓawon cikin jakarsa, ya mayar da reshen ƙayar. Ya yi niyyar sai sun koma gida zai nuna mata, ta yi ta sa masa albarka.

Kaka ta dawo da ganye. Suka zauna a gindin tsamiya suna cin dafaffiyar gyaɗa. Can sai ta nuna masa wani itace a tsallaken rafi. Ya bushe ƙayau, babu ganye ko ɗaya.

"Ka ga wancan marken? Bara waccan wani mai gaggawa ya sassaƙe shi, ya zagaye jikinsa duka."

Yaron ya daina tauna. "Shi ya kashe shi?"

"Shi ya kashe shi. Abin da na so gaya maka ke nan ɗazu. Ta cikin ɓawo abincin itace yake bi. Shi ya sa ake ɗiba a gefe ɗaya kawai, a bar sauran. In ka zagaye shi, ka shaƙe shi ke nan. Ƙaramin itace kuwa ba a taɓa shi sam, sai ya girma."

Yaron ya tuna abin da ya yi. Ya ji jakar da ke kafaɗarsa ta yi nauyi. Tsoro ya kama shi, kunya ma ta kama shi.

Suka kamo hanyar gida. A bakin fadama wani manomi ya karya musu rake. Yaron nan da yake son rake kamar me, ko ɓarewa bai yi ba.

"Maigida, lafiya? Ko raken ƙauye bai kai na birni ba?"

Ya yi tunanin ya yi shiru. Hutu zai ƙare, ya koma Zariya, babu wanda zai sani. Amma ya tuna yadda Kaka ta dubi itacen nan. Sai kawai hawaye suka zubo. Ya buɗe jakar ya miƙa mata.

Kaka ta ɗauko ɓawon. Ta juya shi, ta ga laushinsa. Ba ta tambaye shi daga ina ba.

"Inna lillahi," ta ce a hankali. "Mu koma."

Ba ta yi faɗa ba, kuma hakan ya fi duka yi masa ciwo. Tana gaba tana sauri, tsohuwar da ɗazu take tafiya a hankali.

Da suka isa, ta janye ƙayar. Jikin itacen ya yi fari tas, ruwa yana tsatsowa. Kaka ta durƙusa. Ta share ido da bakin mayafinta.

"Kaka, ki yafe mini. Taimakonki na so yi."

"Na san taimako ka so yi. Amma da ka bari na gama magana."

Suna nan sai ga wani dattijo ya fito da sanda a kafaɗa. Baba Jumare ne, makiyayin da shanunsa suke kiwo a bakin kurmin. Suka gaisa da Kaka, ya tambayi gida, ta tambayi ruga da dabbobi. Sannan ya ga itacen.

"Subhanallahi! Wane ne da wannan aiki?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba."

Baba Jumare ya dube shi. Ya sa sandarsa ya ture ƙayar da ke bayan itacen. Ya leƙa, ya shafa.

"Sabuwa, zo ki gani. Bai gama zagayewa ba."

A bayan itacen akwai sauran ɓawo, faɗinsa kamar yatsu uku. Nan ne ƙaya ta hana hannun yaron kaiwa.

"Zai rayu?" in ji yaron.

"Allah ne masani. Amma akwai abin yi. Je ka wurin shanuna ka ɗebo ɗanyen kashinsu. Ka haɗo da laka daga rafi."

Yaron ya zaro ido. "Da hannu?"

"Da hannun da ya yi yankan," in ji Baba Jumare.

Ya tafi da gudu, ya ɗebo. Wari bai dame shi ba. Ya kwaɓa, ya shafe raunin kaf, yadda aka nuna masa. Kaka ta warware tsohon zanen da ta yi gammo da shi, ta yage, suka naɗe wurin.

Baba Jumare ya dafa kan yaron. "Ka yi ɓarna, amma ka yi abu ɗaya daidai. Da ka ɓoye, rana ta kwana biyu tana dukan wurin nan, da shi ke nan. Yanzu sai haƙuri. In bazara ta zo ya fitar da sabon ganye, to ya tsira."

Sauran kwanakin hutun, kullum yaron yana raka Kaka kurmi. Yana duba zanen, yana ƙara laka inda ta tsage, yana gyara ƙaya. Idan Kaka tana bayani, yana tsayawa har ta kai ƙarshe.

Hutu ya ƙare, ya koma makaranta. Duk Juma'a sai ya ari wayar babansa.

"Kaka, ina wuni? Yaya maɗaci?"

"Oho, wato ni ba a tambayar lafiyata? Yana nan, Maigida. Wasu ganyayen sun zube, amma yana nan."

Damina ta wuce, rani ya shiga. Da aka yi hutu a bazara, ya roƙi babansa ya kai shi ƙauye. Ko ruwa bai gama sha ba, ya ja hannun Kaka.

Gonaki duk sun bushe, rafi ya zama yashi. Da ya hango itacen, sai ya tsaya cik. Kan rassan duk ganye ne ja-ja.

"Kaka! Ganyen ya yi ja. Mutuwa zai yi?"

Kaka ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haka sabon ganyen maɗaci yake fitowa. Ja yake fara yi, sannan ya koma kore. Ya tsira, Maigida!"

Yaron ya yi tsalle yana cewa, "Alhamdu lillahi!" Farin ciki ya cika shi, har ya rasa inda zai sa kansa.

Kaka ta warware zanen. Sabon ɓawo ya taso daga gefe da gefe, yana rufe raunin a hankali. Ta kama hannun jikanta ta ɗora a wurin.

"Tabon nan zai daɗe. Me ya koya maka?"

"In saurari magana har ƙarshe kafin in taɓa abu. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka." Ta ɗaga kai ta dubi jajayen ganyen. "Ni ba lallai in ga ranar da za a fara ɗibar maganinsa ba. Kai za ka gani. Ranar nan, kai za ka nuna wa mutane yadda ake yi."